Tsohon da Ya Zo Tarya

Injiniya ba injiniya ba ne. Gyaran injin buga takardu yake yi a wata maɗaba'a da ke bayan tashar mota, amma tun yana yaron shago aka laƙaba masa sunan, ya bi shi har furfura ta fara tsiro masa a gemu. Matarsa ta rasu 'yarsu tana 'yar mitsitsiya. Yayarsa, wadda ta goya shi a bayanta, ita ta ɗauki yarinyar, ita ce kuma ta yi ta nemo masa mata har ta gaji ta zuba masa ido.

Wani ƙarfe ne da ya karye a cikin babban injin ya jawo komai. Maigidan maɗaba'ar ya ba shi lambar kamfanin da ya ƙera injin a ƙasar Sin, ya ce ya san yadda zai yi da su. Injiniya ya harhaɗa ɗan Turancinsa ya tura saƙo. Amsar da ta dawo ta sa ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya sake karantawa: "Barka da war haka, Malam. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalanka baki ɗaya."

Tafintar kamfanin ce. A jami'a ta karanci Hausa, irin ta masu karanta labarai a rediyo. Ba ta cewa "to", sai "babu shakka". Shi ya koya mata "kai!" da "ba dama" da "Allah ya kiyaye". Ƙarfe ya iso, injin ya tashi, hira kuwa ta ƙi tsayawa. Lokacin da yake hutun rana ita ta koma gida, sai ya hau kan damin takardu ya kira ta a bidiyo, ya gan ta zaune a teburinta kusa da taga, da tabarau da gajeren gashi, tana dariya tana rufe baki da hannu. Haka damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ran nan ta ce masa, "Malam, mutum ba ya auren hoto. Ka zo."

Da ya faɗa wa Yaya, sai da ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Caina? Kai da ko jirgin ruwa ba ka taɓa shiga ba?"

"Yaya, mutuniyar kirki ce."

"Ka taɓa ta? Ka san gidansu? Yanzu fa ana haɗa fuska da murya a kwamfuta, ka yi ta hira da ƙato mai gashin baki kana cewa masoyiya."

A wurin aiki ma bai tsira ba. Mai yankan takarda ya rantse cewa abokin ɗan uwansa haka aka yi masa: wata ta kira shi wata ƙasa, aka ba shi abin sha a mota, ya farka a cikin baho cike da ƙanƙara da ɗinki a kwiɓi. "Ƙoda suke so, Injiniya. Kuma taka mai kyau ce, ba ka shan taba." Kowa ya yi dariya, har shi. 'Yarsa ce kaɗai ba ta yi ba. Ranar tafiya ta riƙe hannun jakarsa ta ce, "Abba, kana sauka ka kira ni."

Da hantsi jirgi ya sauka, ana yayyafi. Ma'aikacin da ya duba fasfo ɗinsa ya daɗe yana kallon hoto yana kallon fuskarsa kafin ya buga hatimi. Injiniya ya ɗauki jakarsa ya bi ayarin mutane. Ya ciro waya don ya kira 'yarsa: babu layi. Ya roƙi wata ma'aikaciya ta haɗa masa intanet ɗin filin jirgin, ta haɗa, amma manhajar da suke hira da ita ta ƙi buɗewa. Alama ce kawai take ta juyawa.

A bakin fita mutane sun jeru a bayan ƙarfe, wasu da furanni, wasu da alluna. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu ita. Ya koma farko ya sake bi. Ana ta rungume-rungume ana watsewa, wurin yana raguwa, shi yana tsaye da sabon takalmin da ya matse masa yatsa.

Sai ya ga fuskarsa. Hotonsa ne, wanda ya ɗauka a gaban injin, an buga shi babba a takarda. Wanda ke riƙe da shi wani tsoho ne gajere, kakkaura, kai a aske, da tabo daga gefen baki zuwa kunne. Ba ya murmushi. Ya dubi hoton, ya dubi Injiniya, ya naɗe takardar ya cusa a aljihu, ya zo ya kama jakar.

Injiniya ya riƙe gam. "Ina take?" Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Turanci. Tsohon ya yi wata magana gajera kamar tari, ya danna wayarsa, ya manna masa a kunne.

"Malam." Muryarta ce, amma a shaƙe, kamar ta wanda ya sha kuka.

"Kina ina? Wane ne wannan?"

"Mahaifina ne. Ka bi shi."

"Lafiya? Me ya sa ba ki zo ba? Buɗe bidiyo in gan ki."

Yana jin numfashinta. "Ba zan iya ba. Ka bi shi kawai. Malam, ka yafe mini."

Layin ya katse.

Ka yafe mini. Da wannan kalma a kunnensa ya bi tsohon suka sauka wani wurin ajiye motoci da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta taɓa ce masa mahaifinta ɗan kasuwa ne, shi kuma a ransa ya zana wani dattijo mai tabarau irin nata. Wannan ko kama ba su yi ba. Hannuwansa duk tsaga ne, farcen babban yatsansa ɗaya babu.

Motar farar bas ce ƙarama, marar taga a baya. Da tsohon ya buɗe don ya jefa jakar, wani wari ya bugi Injiniya, warin maganin wanke asibiti, mai ƙarfi har ido ya yi yaji, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙarni da maganin bai gama kashewa ba. An cire kujerun baya. Manyan kuloli farare ne a jere, ruwa yana ɗiga daga gindin ɗaya. An rataye rigar roba da dogayen safar hannu. Tsohon ya rufe ƙofar da ƙarfi.

Da suka zauna, tsohon ya miƙo hannu ya faɗi kalma ɗaya da Injiniya ya gane: fasfo. Ya yi zaton dubawa zai yi. Ya ba shi. Tsohon ko buɗewa bai yi ba, ya zura shi a aljihun ƙirjinsa, ya ja zif, ya tayar da mota.

"A'a, Baba, ba ni. Ba ni abina."

Tsohon ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ƙofofi suka yi ƙaras, suka kulle kansu.

Titi ne mai faɗin da bai taɓa gani ba, gada a kan gada, dogayen gine-gine sun shige cikin hazo. Babu allo ɗaya da zai iya karantawa. Ya yi alama da hannu a sake kiran ta, tsohon ya nuna sitiyari ya girgiza kai. Can ya laluba gefen kujera ya ciro wata gora ta ƙarfe, ya buɗe da haƙori, ya miƙo. Tururi yana fita. Injiniya ya ce ya ƙoshi. Tsohon ya ƙara turo ta har ta taɓa ƙirjinsa. Ya karɓa, ya kai baki, ya rufe leɓe gam, ya motsa maƙogwaro kamar ya haɗiya. Tsohon yana satar kallonsa. Sai kuma ya miƙo hannu, ya mintsini kwiɓinsa ta saman riga, daidai ƙasan haƙarƙari, ya yi tsaki ya faɗi wani abu.

Injiniya ya matsa ya manne da ƙofa. Duk addu'ar da ya sani ta tsere, sai guda ɗaya, ita yake ta maimaitawa a zuci. Ya tuna yadda ya yi dariya a maɗaba'a. Ya tuna bai taɓa ganin ta a tsaye ba, bai taɓa ganin wani ɗaki ba sai wannan teburi da wannan taga. Da motar ta taka birki, wani ƙunshin tsumma ya zamo daga ƙarƙashin kujera ya bugi sabon takalminsa. Bakin ƙunshin ya buɗe. Wuƙaƙe ne, sirara da masu faɗi, an wasa su har suna ƙyalli.

Gine-ginen gilashi suka ƙare. Suka shiga unguwar rumbuna da manyan motoci, titi ya tsuke, kwata tana gudu da ruwa ja-ja. Motar ta gangara cikin wani gini mai duhu, ta tsaya. Ta gilashi ya hango farin tayil har rufi, fitilu masu haske fari fat, wasu maza sanye da rigunan roba suna jan tiyo. Biyu daga cikinsu suka taho suna goge hannu, suna leƙensa, ɗaya ya yi wa tsohon magana suka dube shi tare.

Tsohon ya buɗe makulli ya fita ya zagaya baya. Injiniya ya ja marfin ƙofa. Ta buɗe.

Bai san yana da gudu haka ba. Ya haura gangaren, ya ji ihu a bayansa, ya ji takun takalman roba. Ya waiga sau ɗaya ya ga tsohon da kansa yana biye, baki buɗe, hannu a sama. Ya kutsa tsakanin manyan motoci biyu, ya tsallake kwata, ya faɗa wani lungu, ya fita wani. Wani mai babur ya kauce masa yana zagi. Ya yi ta gudu har ihun ya ɓace, har ƙirjinsa ya zama wuta, sannan ya faɗa ƙarƙashin wani matakala ya durƙusa.

Nan wani tsoron ya karɓi na farko. Ba fasfo, ba jaka, ba layi. Bai san sunan unguwar ba, bai san ina gabas take ba. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalle shi, baƙin mutum jiƙe sharkaf a tsugune, wasu har da ɗaga waya. A kan kowane ƙarfen fitila akwai kyamara. Ya ga a nan in ya ɓace, ya ɓace ke nan. Yaya za ta yi ta zuwa maɗaba'a tana tambaya, Maigida ya ce shi lamba kawai ya ba shi.

Yana nan sai ya ji wani sauti ta cikin bango. Tas-tas-shuu, tas-tas-shuu. Ya ɗaga kai. Ko a kabari aka kunna masa wannan zai gane shi: injin buga takarda ne yana jan fefa. Ya bi bangon har ya sami wata 'yar ƙofa. Ƙaramin shago ne, da warin tawada da man inji, da wata mata mai kiba tana jera kwalaye. Ta gan shi ta ja da baya. Ya ɗaga hannuwa biyu, ya nuna injin, ya nuna ƙirjinsa. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ta dubi yadda yake rawar ɗari ta turo masa kujera da ƙafa.

Ta yi magana a wayarta, wayar ta faɗa da Turanci: wa za a kira maka? Lambar Tafinta tana cikin wayarsa. Ya buɗe, ya dubi lambar, ya kife wayar a cinya. In ya kira, su zai kira. Ya girgiza kai. Matar ta shiga ciki, ya ji tana magana ƙasa-ƙasa. Ya san abin da take yi, amma ya ci gaba da zama. Ba a jima ba 'yan sanda biyu suka tsaya a bakin ƙofa.

Ba su sa masa ankwa ba, amma sun sa shi a tsakiya. A ofishinsu aka shigar da shi wani ɗaki mai benci da agogon bango. Mutum na farko da ya gani a kan bencin shi ne tsohon. Injiniya ya ja da baya har ya taka ɗan sanda. Sai dai tsohon ba yadda ya bar shi yake ba. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe a ƙwaurinsa, takalmin roba ɗaya ne a ƙafarsa. Ya tallafe hannun dama da na hagu, wuyan hannun ya kumbura kamar tulu. Da ya ga Injiniya sai ya miƙe, ya yi wata ajiyar zuciya mai ƙara, ya koma ya zauna ya sunkuyar da kai. A kan teburin ɗan sandan ga fasfo, ga jaka.

Daga waje aka ji wani taku. Ƙwas, sai shiru. Ƙwas, sai shiru. Ƙofa ta buɗe.

Ita ce. Tabarau ɗin, gajeren gashin, sai dai ta fi yadda yake zato ƙanƙanta, kuma idanunta sun kumbura. Sanduna biyu ne a hammatarta. Ƙafar wandonta ta hagu an naɗe ta a gwiwa an soke da fil. Daga nan zuwa ƙasa babu komai.

Ta tsaya ta bar shi ya gama gani.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Ka ga abin da na ce ka yafe mini."

Ya dubi fil ɗin, ya dubi fuskarta.

"Mota ce, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Ina da ƙafar roba. Tun da ka sayi tikiti nake yawo da ita a tsakar gida, safe da yamma, don in iya tafiya ba ɗingishi, ka gan ni a tsaye tukuna kafin in faɗa maka. Na matsa mata da yawa. Yau na tashi wurin ya kumbura ya fashe, ta ƙi shiga." Ta gyara sandar. "Na ji tsoron fuskarka. Na ce gara ka gan ni a gida, in za ka juya ka juya ba a gaban jama'a ba."

Babban ɗan sandan ya yi magana yana buga biro a tebur. Ta saurara, ta juyo. "Yana tambaya me ya sa ka gudu. An yi maka wani abu ne?"

Injiniya ya dubi tsohon. "Fasfo ɗina ya karɓe."

"Doka ce. Wanda ya sauki baƙo a gidansa sai ya kawo takardarsa nan an rubuta. Nan ɗin ma zai kawo ka, ya biya kasuwa ne ya sauke ƙanƙara kada ta narke. Kifi yake sayarwa."

"Ya ba ni wani abu a gora."

"Ruwan zafi ne. Ya ga kana rawar sanyi."

"Ya mintsine ni a nan."

Ta tambayi uban, ya amsa a gajarce. "Ya ce rigarka ba ta da kauri, kai ma ba ka da nama." Ta dube shi sosai. "Malam, me ka zata?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya faɗa mata, a hankali, har da bahon ƙanƙara.

"Har da ni a ciki?"

"Har da ke."

Ta gyaɗa kai. "Me zan ce wa ɗan sandan?"

"Gaskiya."

Ta fassara. Ƙaramin ɗan sandan ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya dubi Injiniya tun daga kai har sabon takalmin da ya cika da laka, ya yi magana mai ɗan tsawo, muryarsa ƙasa. Tafinta ta yi jinkiri.

"Faɗa mini," in ji Injiniya.

"Ya ce tun jiya yake wanke motar da magani don kada ka ji ƙarnin kifi ka raina mu. Ya ce da ka ɓace, abin da ya zo masa shi ne kana da 'ya, me zai ce mata."

A asibiti aka ce wuyan hannun tsohon ya karye a faɗuwar da ya yi wajen bin Injiniya, aka ɗaure shi da filasta. Da wayar Tafinta Injiniya ya kira gida. 'Yarsa ta ɗauka tana kuka, Yaya ta fizge wayar. "Kana da rai? Ina ka shiga?" Ya ce ya sauka lafiya, layi ne ya ba shi wahala. Sauran labarin ya ce sai ya dawo.

Wuraren da Tafinta ta shirya kai shi, babu inda suka je. Mai kifi ba ya aiki da hannu ɗaya, don haka kowace safiya Injiniya ne yake sa rigar roba ya sauke kuloli, ya ja tiyo, tsohon yana zaune a kan bokiti yana nuni da haɓa. Mazan nan biyu da suka leƙa shi a mota, kullum suka gan shi sai su kama kwiɓinsu su yi kamar za su faɗi, kasuwa ta ɗauki dariya. Ya haƙura ya riƙa yi tare da su. Tsohon dai ko sau ɗaya bai yi ba, kuma a gida in an zauna cin abinci ba ya kallon sashen da yake. Wannan shirun ya fi wuƙaƙen tsorata shi.

Tafinta ma ba ta saki jiki kamar da ba. Dariyar nan da ake rufe baki ta yi wuyar fitowa. Ana gobe zai koma, da la'asar, ta kira shi ɗakin da yake gani a bidiyo. Ga teburin, ga tagar. Ta zauna a bakin gado, ta zare fil ɗin, ta naɗe wandon sama, ta kwance bandejin.

"Ka duba da kyau," ta ce. "Ba na son ka je gida ka riƙa zana wani abu a ranka. Na ga abin da ranka yake zanawa in an bar shi shi kaɗai."

Ya durƙusa ya duba. Fatar ta tattare, ɗinkin ya yi fari, gefe ɗaya har yanzu ɗanye ne.

"Yana ciwo?"

"In za a yi ruwa. Wani lokaci kuma yatsun da babu su ne suke ƙaiƙayi."

"Ina maganin?"

Ta nuna kan teburi. Ya wanke hannu, ya shafa, ya naɗa sabon bandeji. Ya matse da yawa ta ce "kai!", ya sassauta.

"Na ɓoye maka ƙafa, ka mai da ni mai yankan mutane," ta ce. "Ban san wanda ya fi wani laifi ba."

"Ni ne."

"Babu shakka." Ta dubi bandejin. "Ka je ka faɗa wa 'yarka komai, da ƙafar da gudun. In ta ce in zo, zan zo in gan ta. Daga nan sai mu ga."

Ya ɗago ya ga tsohon a bakin ƙofa, da hannunsa a rataye a wuya. Bai san tun yaushe yake tsaye ba. Tsohon ya matso, ya sunkuya, ya zura yatsa ƙarƙashin bandejin ya gwada matsinsa. Ya faɗi wata kalma ya fita.

"Me ya ce?"

"Ya ce a karkace ka ɗaura. Ka kwance ka sake."

Injiniya ya kwance ya sake.